Ranar Raba Kyaututtuka: Bayan Tafi, Sai Me?

Kowace shekara idan zango na uku ya zo ƙarshe, makarantarmu takan ɗauki wani sabon kama. A share fili, a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a aro bencina daga majami'a, a kafa rumfuna. Iyaye su zo da kwanonin abinci, ƙungiyar mawaƙa ta rera waƙoƙi, babban baƙo ya yi jawabi. Daga nan sai a fara kiran sunaye. Ɗalibai kaɗan su hau dandamali su karɓi littafi ko kofi ko takardar yabo, sauran jama'a kuwa namu tafi ne har tafin hannu ya yi zafi.

Amma mu da muke kwana a ɗakunan kwanan ɗalibai mun san abin da akan faɗa da dare bayan baƙi sun watse. Wani ya ce an yi son kai. Wata ta ce ai wance da satar amsa ta zo ta ɗaya. A bana ma an ƙara da wata magana: a gasar wasanni tsakanin gidaje an yi ta raɗe-raɗin cewa wani gida ya sa wa wani saurayi daga cikin gari rigarsa ya yi masa gudun miƙa sanda. Ko gaskiya ne ko ƙarya, maganar ta ɓata zumunci tsakanin gidaje biyu har ƙarshen zango. Saboda irin waɗannan abubuwa ne muka ji wasu iyaye da wasu dattawan ikilisiya suna cewa gara a daina gasa da raba kyaututtuka gaba ɗaya, gama ba abin da suke haifarwa sai girman kai ga wanda ya ci da hassada ga wanda bai ci ba.

Mu 'yan aji shida da muke shirin barin wannan makaranta mun zauna a ƙarƙashin rumfar nan shekara bayan shekara. Kaɗan daga cikinmu sun hau dandamali, yawancinmu ba mu taɓa hawa ba. Ra'ayinmu shi ne kada a daina, amma a gyara. Domin mu bayyana dalilinmu, muna roƙon mai karatu ya bi mu baya fiye da shekara ɗari, zuwa farkon ƙarni na 20, mu ga yadda ɗaliban wancan zamani suka yi da tasu gasar.

Wannan al'ada ba mu muka fara ta ba. Raba ɗalibai gida-gida, da naɗa shugabanni daga cikinsu, da ranar jawabi da kyaututtuka, duk daga makarantun kwana na ƙasar Ingila suka zo mana ta hannun 'yan mishan da gwamnatin Turawa. Wasan ƙwallon ƙafa na farko da aka rubuta labarinsa a ƙasar nan an buga shi ne a Kalaba a 1904, tsakanin makarantar mishan ta Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. A Kwalejin Katsina kuwa, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, wasanni suna cikin abin da ake horar da ɗalibi da shi, har Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato ya fito daga can da son wasan nan na buga ƙwallo a bango da hannu, bai kuma rabu da shi ba. To, tun da gado muka ci, ya kamata mu san alherin da ke cikin gadon da kuma cutar da ke tare da shi.

Bari mu fara da cutar, domin masu cewa a daina ba su yi ƙarya ba. A jami'o'in Amurka a farkon ƙarnin nan da muke magana, babu abin da ya kai wasan zari-ruga irin nasu ɗaukar hankalin ɗalibai. Dubban mutane sukan biya kuɗi su shiga kallo, tsofaffin ɗalibai masu dukiya kuma sukan matsa lamba cewa lalle jami'arsu ta ci. Yadda ake wasan a lokacin, 'yan wasa sukan dunƙule wuri ɗaya su auka wa mutum guda, ga shi kuma babu kayan kāre jiki na kirki. A shekarar 1905 kaɗai jaridu sun ƙirga aƙalla matasa 18 da suka mutu a wannan wasa, ban da waɗanda suka karye ko suka naƙasa. Abin ya kai ga Shugaban Ƙasa Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa a watan Oktoba na shekarar, ya nemi su gyara. A watan Nuwamba wani ɗalibin Kwalejin Union ya mutu bayan wasa da Jami'ar Niyok. Jami'ar Kolombiya ta hana wasan gaba ɗaya, ba ta dawo da shi ba sai 1915. Sauran makarantu fiye da 60 suka yi taro a ƙarshen shekarar, suka kafa ƙungiyar da za ta tsara dokoki, a 1906 kuma aka sake dokokin wasan, aka halatta jefa ƙwallo gaba domin 'yan wasa su warwatsu a fili maimakon su cunkushe.

Ba jini kaɗai aka zubar ba, an zubar da gaskiya ma. Makarantu sukan ɗauko ƙarfafan samari waɗanda ba karatu ya kawo su ba, a rubuta sunansu a rajista, su buga wasa, a biya su a ɓoye. Wannan hali bai mutu da wuri ba, gama a 1929 Gidauniyar Carnegie ta fitar da rahoton bincike wanda ya nuna cewa neman 'yan wasa da ba su kuɗi a asirce ya zama ruwan dare a kwalejojin ƙasar. Duk wanda ya ji raɗe-raɗin da aka yi a filinmu bana zai ga cewa cutar ɗaya ce, girmanta ne kawai ya bambanta. Idan son cin kofi ya fi son gaskiya ƙarfi, ɗan haya zai shigo fili, takardar satar amsa kuma za ta shiga ɗakin jarrabawa a cikin safa.

Amma a lura da abu ɗaya. A wannan Jami'ar Kolombiya da ta rufe filin zari-ruga, kuma a cikin wannan shekarar karatu, an yi wata gasa dabam. A watan Afrilu na 1906 aka yi gasar iya jawabi ta shekara, wadda ake ba wanda ya ci lambar Curtis. Wanda ya zo na ɗaya wani saurayi ne baƙar fata daga Natal a Afirka ta Kudu, sunansa Pixley ka Isaka Seme. Ɗan makarantar mishan ne kamarmu. Wani ma'aikacin bishara Ba'amurke ne ya taimaka masa ya ƙetare teku, ya yi karatu a makarantar Mount Hermon, sa'an nan ya shiga jami'a. Jawabinsa a kan farfaɗowar Afirka ne. Ya tsaya a gaban Turawa, a zamanin da kusan dukan nahiyarmu take hannun 'yan mulkin mallaka, ya bayyana cewa shi ɗan Afirka ne kuma ba ya jin kunyar haka. Ya tuna musu da ayyukan Masar da Habasha na dā, ya ce mutanen Afirka suna farkawa, kuma suna da abin da za su ƙara wa duniya.

Da babu wannan gasa, wa zai ba ɗalibi baƙo dandamali ya faɗi irin wannan magana? Saboda ya ci lambar ne jaridu suka buga labarin, aka kuma buga jawabin aka karanta shi a ƙasashe da dama. Bayan shekara 56, a 1962, Kwame Nkrumah ya karanta shi a gaban taron masana tarihi da al'adun Afirka a Accra. Shi kuwa Seme ya wuce Ingila ya karanta shari'a, ya koma gida, a ranar 8 ga Janairu 1912 kuma yana cikin manyan waɗanda suka tara sarakuna da masu ilimi a Bloemfontein suka kafa ƙungiyar da daga baya aka sani da ANC, wadda ta yi yaƙi da wariyar launin fata. Wannan shi ne amfanin gasa ta gaskiya: takan tono baiwar da take ɓoye, ba ta tambayar ɗan wane ne. A makarantarmu ma mun ga ɗalibin da ba ya iya buɗe baki a aji, sai muhawara ta tilasta masa tsayawa, yau ga shi shi ne ke fassara wa'azi a ɗakin sujada. Idan aka daina gasa, ɗan mai kuɗi ba zai rasa hanyar da za a san shi ba. Ɗan manomin da ba shi da kowa shi za a rufe wa ƙofa.

Duk da haka tarihin Seme yana da gargaɗi. Lokacin da shi kansa ya zama shugaban ƙungiyar a 1930, masu tarihi sun nuna cewa a zamaninsa ta yi rauni ƙwarai, 'ya'yanta suka ragu, har aka sake shi da wani. Lambar zinariya ta shaida cewa ya iya magana a rana ɗaya. Ba ta yi alkawarin cewa zai iya riƙon jama'a bayan shekara 24 ba. Wanda ya hau dandamalinmu bana ya riƙe wannan.

Mutum na ƙarshe da za mu kawo shi ne wanda labarinsa ya fi taɓa mu. An haifi Eric Liddell a 1902 a birnin Tiyanjin na ƙasar Sin, iyayensa 'yan mishan ne daga Sikotlan. Ya yi makarantar kwana ta 'ya'yan 'yan mishan a Landan, a 1920 kuma ya shiga Jami'ar Edinbura yana karanta kimiyya. A wasannin jami'a ne aka gane cewa babu mai kama shi a gudu. Ya buga wa ƙasarsa zari-ruga sau 7, aka kuma zaɓe shi ya wakilci Birtaniya a wasannin Olamfik na 1924 a birnin Faris. Gudun mita 100 shi ne inda ya fi ƙwarewa, kowa kuma yana sa ran zinariya. Sai aka fitar da tsarin wasannin, aka ga zagayen farko na mita 100 ya faɗa ranar Lahadi. Liddell ya ce ba zai yi gudu a ranar Ubangiji ba.

Wasu daga cikinmu sun ga fim ɗin da aka yi a kansa a 1981, inda aka nuna kamar a hanyar tafiya ya ji labarin. Ba haka aka yi ba. Ya sani tun watanni kafin wasannin, watau yana da isasshen lokacin da zai sake tunani, da lokacin da mutane za su yi ta matsa masa, wasu har suna ganin ya ci amanar ƙasarsa. Ƙin abu a cikin zafin minti ɗaya yana da sauƙi a kan riƙe ƙin har wata da watanni. Ya bar mita 100, wani tsohon ɗalibin Jami'ar Kambirij mai suna Harold Abrahams ya ci ta. Shi kuwa ya koma yana horar da kansa a mita 400, inda ba a sa masa rai sosai ba. Ya sami tagulla a mita 200. Ranar 11 ga Yuli aka sa shi a layin waje, inda mai gudu ba ya ganin abokan takararsa, ya fita da gudu tun daga farko bai sassauta ba, ya ƙare a cikin daƙiƙa 47.6, ya ci zinariya. Bayan kwana 6, a ranar bikin ba da digiri a Edinbura, shugaban jami'ar ya ɗora masa rawanin ganye a ka, ɗalibai kuma suka ɗauke shi sama suka bi titi da shi har babbar majami'ar birnin.

A nan ne mukan ji masu wa'azi suna tsayawa, su ce kun gani, ya girmama Allah, Allah kuma ya ba shi zinariya. Da ladabi muke cewa ba mu yarda a tsaya a nan ba. Da Liddell ya zo na ƙarshe a mita 400, da abin da ya yi bai ragu da kome ba. Idan muka koya wa ƙannenmu cewa gaskiya kullum tana biya da kofi, ranar da wani ya ƙi satar amsa ya kuma faɗi jarrabawa, me za mu gaya masa? Ba kuma muna yanke hukunci a kan wasan ranar Lahadi ba ne, gama masu bi na ƙwarai sun bambanta a kan wannan. Abin da muke nunawa shi ne mutumin yana da abin da ba zai sayar ba ko da zinariyar Olamfik ce kuɗin. Tambayar da ta rage wa kowannenmu ita ce ko muna da irin wannan abu.

Sa'an nan a dubi abin da ya yi bayan tafi. A 1925, yana ɗan shekara 23, sunansa yana bakin kowa, ya koma ƙasar Sin ya zama malamin kimiyya a wata makarantar mishan a Tiyanjin. Daga baya ya koma aikin bishara a ƙauyuka a tsakiyar yaƙi. A 1941 ya tura matarsa da 'ya'yansa Kanada saboda haɗari, shi ya zauna. A 1943 sojojin Japan suka tsare shi tare da sauran baƙi a sansanin Weihsien. A can ya riƙa koya wa yara kimiyya, yana shirya musu wasanni, yana ɗauko wa tsofaffi ruwa da gawayi. Waɗanda suka zauna tare da shi sun ba da labari cewa da yara suka yi faɗa a wani wasan da suka shirya ranar Lahadi saboda babu alƙali, sai ya fito ya yi musu alƙalanci. Wanda ya ƙi gudu ranar Lahadi domin ɗaukakar kansa ya yarda ya tsaya a fili ranar Lahadi domin zaman lafiyar yara. Ya rasu a sansanin ranar 21 ga Fabrairu 1945 da ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 43, watanni kaɗan kafin a 'yantar da su.

To, ga amsarmu ga dattawan da suke ganin gasa ba ta dace da tawali'un mai bi ba. Manzo Bulus bai ƙyamaci masu tsere ba. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 9, da su ya yi misali, ya yaba da horon da suke yi wa jikinsu, sai dai ya tuna mana cewa rawaninsu mai lalacewa ne. A misalin talanti kuma, cikin Matiyu sura 25, bawan da aka tsauta wa shi ne wanda ya binne abin da aka ba shi. Ba a jefar da wuƙa don ta yanki wani, sai dai a koya wa yaro yadda ake riƙe ta. Saboda haka muna miƙa wa hukumar makaranta da malamanmu da 'yan'uwanmu ɗalibai waɗannan roƙe-roƙe.

Na farko, a tsare gaskiyar gasa. Kafin ranar wasanni a liƙa sunayen 'yan wasan kowane gida a allon sanarwa, malamin aji ya sa hannu. Gidan da aka kama da ɗan haya a cire shi daga gasar shekarar, ko da shi ne kan gaba. Haka kuma wanda aka kama da satar amsa kada sunansa ya fito a ranar kyaututtuka ta kowace fuska. A muhawara da kacici-kacici kuma alƙalai su karanta makin kowa a fili. Yawancin gunagunin da ake yi da dare duhu ne ke haifar da shi.

Na biyu, a faɗaɗa abin da ake yabawa. Mun san wata 'yar ajinmu da ta shigo aji ɗaya tana kusa da na ƙarshe, ba ta iya karanta Turanci sosai ba, ta yi ta fama har ta shiga tsakiyar aji. Tafiyar da ta yi ta fi ta wanda ya shigo na ɗaya ya fita na ɗaya tsawo, amma ba a taɓa kiran sunanta ba. A sa kyautar wanda ya fi ci gaba a kowane aji. A sa kuma kyautar hidima, domin wanda yake kwana da marar lafiya a ɗakin shan magani, da wanda yake share ɗakin sujada ba a sa shi ba. Ɗalibai su ba da sunaye, malamai su tantance, gama mu ne muka san wanda yake aiki idan idon malami ba ya wurin.

Na uku, kyauta ta zo da nauyi. Wanda ya ci kyautar lissafi ko kimiyya ko Turanci, a ba shi 'yan ƙananan aji ya riƙa taimaka musu a lokacin karatun dare sau ɗaya a mako. Wanda ya ci gudu ya horar da na bayansa. Ta haka wanda bai ci ba zai ga cewa nasarar ɗan'uwansa riba ce a gare shi, hassada kuma ta rasa wurin zama.

Na huɗu, wannan ga iyayenmu ne. Idan ɗanku ya dawo hutu ba da kofi ba, kada tambayar farko ta zama na nawa ka zo. Yaro da yawa ba don mugunta ya shiga da takarda ɗakin jarrabawa ba, sai don tsoron fuskar da zai tarar a gida. Ku tambaye shi ko da guminsa ya sami abin da ya samu, in ya ce i, ku sa masa albarka.

Ga ƙannenmu da muke bari, ku shiga kowace gasa da dukan ƙarfinku. Kada ku ɓoye a bayan tawali'un ƙarya alhali lalaci ne ko tsoron faɗuwa. In kun ci ku gode wa Allah, ku tuna da malamin da ya koya muku da abokin da ya ba ku aron littafi. In ba ku ci ba ku je ku gaisa da wanda ya ci tun kafin a kwashe bencina. Akwai kofuna a ofishin shugaban makaranta waɗanda suka yi tsatsa har sunayen da ke jikinsu ba sa karantuwa, amma babu wani a cikinmu da ya manta babban ɗalibin da ya raba masa garinsa da ƙuli-ƙulinsa a makon farko na aji ɗaya.

Muna taya dukan waɗanda suka karɓi kyauta bana murna da zuciya ɗaya. Muna kuma gode wa malamanmu da suka yi haƙuri da mu shekara shida. Ubangiji ya ba mu ikon yin tserenmu da gaskiya har ƙarshe. Amin.